Wasa Biyu Kafin Sahur

Ni tela ne a Kano, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu. Nauyin waɗannan biyun ne ya haɗu a kaina a azumin 2023, har ta kai ina zama a gaban keke in manta abin da na zauna in ɗinka. Na daɗe ina son ba da labarin nan ina fasawa, domin abin da ya rage mini zafi a lokacin abu ne da magidanci mai 'ya'ya uku yake jin nauyin faɗa a cikin mutane. Gem ne. Tsohon gem na ƙwallo da na sani tun ina ɗan sakandare.

Na fara ganin gem a gidan maƙwabtanmu wajen 1998, ina da shekara tara. Irin ɗan akwatin nan ne da ake soka wa kaset mai ruwan ɗorawa, a jikinsa an rubuta wasanni dubbai, in ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka tarar 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Akwai Super Mario, akwai na tankar yaƙi, akwai na harbin agwagwa da ake nuna wa talabijin 'yar bindiga. In kaset ya ƙi yi a zare, a hura masa iska, a mayar. Mu fi goma a tsakar ɗaki, hannun buga gem biyu kacal, wanda aka kashe ya miƙa wa na kusa da shi.

Daga baya aka buɗe gidan gem a bakin layinmu, benci biyu da talabijin uku da ɗan jannareto. Nan na san Winning Eleven a PlayStation ta farko, mai sharhi yana ta ihu da Japananci, ba ma jin ko kalma ɗaya amma mun haddace ihun. Kowa Najeriya yake so ya ɗauka saboda Tijani Babangida, ɗan Kaduna da ya buga wa Ajax, yana cikin waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta a 1996. A gem ɗin in ka ba shi ƙwallo a gefen dama ka danne gudu, sai dai a bi shi da kallo. Muna alfahari da shi ƙwarai, wai ga namu a cikin na'urar da aka ƙera a Japan.

Amma wanda ya zauna mini a jini shi ne PES 6, da kamfanin Konami ya fitar a 2006 a PlayStation 2. Ina da shekara goma sha bakwai. A gidan gem ɗinmu har doka aka kafa cewa ba mai ɗaukar Inter Milan sai in abokin karawarsa ya yarda, saboda Adriano. Ƙafarsa ta hagu in ya sake ta daga wajen da'ira, gola ba ya ko motsi. Ga Ibrahimovic, ga Figo, ga Zanetti. Liverpool kuwa ba ta da sunanta na gaskiya a ciki, Merseyside Red ake ce mata, kuma haka muke kiranta har a hirar majalisa.

A can Baba ya kama ni wata rana bayan magariba, lokacin da ya kamata ina makarantar dare. Bai kira sunana ba, don bai taɓa kira ba, alkunyar ɗan fari. Ji kawai na yi an riƙe mini kunne ta baya. Har gida bai sake ba. A satin ya kai ni wurin wani abokinsa tela ya ce, "Ga shi nan, tunda hannunsa ba ya son zama, a ba shi abin yi." Baba ɗan kasuwar Kantin Kwari ne, yadi yake sayarwa, kuma abin da yake tsoro caca ce, domin manyan samari sun fara zuba kuɗi a kan wasa a wurin. Na yi fushi da shi wata da watanni. Yau da wannan sana'ar nake ci da iyalina.

A watan Janairun 2023 ƙafafunsa suka fara kumbura. Ya daɗe da hawan jini, yana shan magani in ya ji jiri, in ya ji sauƙi ya ajiye. Aka yi gwaje-gwaje, likita ya kira ni gefe ya ce ƙodojin sun gaza, sai wanki. Ya bayyana mini cewa yadda aka fi so sau uku ne a mako, kowane zama kamar awa huɗu, na'ura tana janye jini tana tace shi tana mayarwa. Na yi lissafi a tsaye a wurin, na ga sau biyu ma sai an yi da gaske. Kuɗin zama ɗaya ya fi ribar da nake samu a kaftani goma, ban da allurar ƙarin jini, ban da magunguna, ban da mota.

Kuma lokacin ne ake tsakiyar canjin takardun naira. Wanda ya rayu a ƙasar nan a Fabrairu da Maris na shekarar ya san abin da nake nufi. Kuɗinka na banki amma ba ka iya taɓa su. Mai POS ya sayar maka da naira da naira. Ka tura kuɗi su fita daga asusunka, su ƙi isa inda ka tura, a ce ka jira kwana kaza. Akwai ranar da na tsaya a gaban tagar biyan kuɗi da waya a hannu fiye da awa biyu, Baba yana kan keken marasa lafiya yana kallona, ni ina kallon waya.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris. Wanda ba tela ba ba zai gane abin da watan nan yake nufi a wurinmu ba. A cikinsa ake samun abin da zai riƙe shago rabin shekara, a cikinsa kuma ake zubar da mutuncin da aka yi shekaru ana tarawa. Na karɓi ɗinki fiye da ƙarfina da gangan, don ina neman kuɗin wanki. Shadda da yadi sun taru har sun rufe tagar shago. Keke huɗu, yara uku, wuta sai ta ga dama, zafin Kano na bazara kuwa ba a magana. Litinin da Alhamis ina asibiti daga safe har azahar. Sauran lokacin ina shago har ƙarfe biyun dare. Waya ba ta minti goma ba ta yi ƙara ba, in ba mai kaya ba ne yana tambayar ɗinkinsa, ƙanena ne yana cewa Baba ya yi amai, ko wani dangi yana ba ni labarin mai maganin gargajiya a wani ƙauye.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne barci ya ƙaurace mini. Jiki ya gaji liƙis, in kwanta, kai ya ƙi tsayawa. Lissafi kawai yake: saura kaftani nawa, saura kwana nawa, wa zan ranta a wurinsa, in Baba ya rasu wa zai riƙe Inna da ƙannena mata biyu. Ina addu'a, ina karanta abin da ya sawwaƙa, zuciya takan yi sanyi, amma lissafin nan yana nan yana juyawa kamar keken da aka manta ba a kashe ba. Ran goma ga azumi na yanka gezna ta wani Alhaji da awon wani mutum daban. Shekara goma sha shida ina riƙe da almakashi ban taɓa yin haka ba. Na biya kuɗin shaddar daga kuɗin wankin Alhamis. A daren 'yata mai shekara biyar ta zo tana nuna mini lallen da aka yi mata, na daka mata tsawar da sai da ta saki fitsari. Har yau in na tuna idonta a lokacin sai ƙirjina ya yi nauyi.

Na yanke shawarar sayar da filina da ke bayan gari. Ina neman takardunsa a saman wadirof na jawo wani kwali, sai ga PS2 ɗina da na saya ta hannu a 2012, na ajiye ta bayan aure. Ƙura ta rufe ta. Hannu ɗaya wayarsa naɗe da salatif. Memori ɗin nan mai 8MB yana soke a jikinta, faifan PES 6 yana ciki. Ban san dalili ba, na sa ta a buhun kayan ɗinki na tafi da ita shago.

Da yara suka tafi, wajen ƙarfe biyu, na jona wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, a bayan talabijin ɗin shago. Ta ƙi karanta faifan. Na goge shi da gefen rigata na mayar. Sai ga ƙarar nan ta buɗewa, mai kama da iska a cikin rijiya. Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Na shiga Master League, ɓangaren da kake riƙe ƙungiya kana gina ta kaka bayan kaka, na tarar da ajiyata ta 2013 tana nan yadda na bar ta, amma ban ci gaba da ita ba, sabuwa na fara, da 'yan wasan nan marasa ƙarfi da ake ba kowa a rukuni na biyu: Castolo a gaba, Minanda a tsakiya, Ximelez a gefe, Ivarov a raga. Mutanen da babu su a duniya, amma na san halin kowannensu kamar yaran shagona.

Yatsuna ba su tambaye ni komai ba. Sun san maɓallan hannun: X a miƙa, alwatika a zura, R1 a ruga, bokis a buga. Shekara goma ban taɓa ba, amma babban yatsana ya san daidai inda zai saki bokis kada ƙwallo ta haura sama. Na buga wasa ɗaya na minti goma, aka tashi babu ci. Na buga na biyu na ci ɗaya. Da na kashe sai na lura kafaɗuna sun sauko, haƙorana da na yini a cije sun saki. Minti ashirin ban tuna da ƙoda ba, ban tuna da gezna ba. Na kwanta a kan tabarmar shago, ban farka ba sai da mai gadin layi ya buga ƙofa don sahur.

Na yi ta tunanin me ya sa tsohon ne ya yi mini aiki, domin kafin nan yaran shago sun sa mini nasu a waya. Free Fire suke bugawa, da eFootball, wanda shi ne sunan da aka sauya wa PES tun 2021. Na gwada, kaina ya ƙara zafi. Sai ka sayi data, sai ka jira sabuntawa, sai ka koyi sababbin dokoki, ga wani yaro a wata ƙasa yana lallasa ka, ga netwok yana yankewa ana tsakiyar wasa, ga tallar a sayi wannan a sayi wancan. Ni kuwa a watan nan kullum cikin koyon sabon abu nake ba da son raina ba: sunayen gwaje-gwaje, abin da Baba zai ci da wanda ba zai ci ba, yawan ruwan da aka yarda ya sha, ma'anar lambobin da ke jikin na'ura. Ƙwaƙwalwata ba ta da sauran wurin baƙo. Tsohon gem ɗin ba ya neman in koyi komai, ba ya neman data, ba mai kirana a cikinsa. In na yi kuskure na san kuskuren me na yi, in aka ci ni ba wanda zai kwana da yunwa. Kuma alƙali yana hura tashi. Wannan ya fi komai a wurina, don duk sauran abubuwan da nake ciki ba wanda na san ranar ƙarewarsa. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji mutanenmu, ban taɓa zaton za ta faɗa kan faifan gem ba.

Sai dai zuma ma in ta yi yawa tana ɓata ciki, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi yi mini wuyar faɗa. Wasa biyu suka koma huɗu, huɗu suka koma sai na hau rukuni na ɗaya. Daren wata Laraba na zauna ina cewa saura ɗaya, saura ɗaya, har aka kira assalatu. Na sha ruwa a tsaye, na yi sallah, na ce bari in ɗan kishingiɗa minti goma. Layin Baba ƙarfe bakwai ne. Na farka tara saura, kira goma sha bakwai a wayata. Kafin mu isa an ba wani gurbin, kuma da gaskiyarsu, na'urori kaɗan ne, masu jira da yawa, kowa ransa ne a hannu. Sai washegari da yamma aka samar mana wuri.

A zaune Baba ya kwana ranar, an jera masa matasai a baya, don in ya kwanta ruwan da ya taru yana danne masa numfashi. Ina zaune a ƙasa kusa da ƙafafunsa da suka yi suntum, ina jin yadda yake jan iska da ƙyar. Inna ba ta ce mini komai ba, ko kallona ba ta yi ba, fifita kawai take masa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kowa ya ɗauka ɗinki ne ya kayar da ni. Ni kaɗai na san gaskiya, sai matata da na gaya wa.

Na mayar da na'urar kwali na ɗaure. Kwana huɗu barci ya sake gudu, faɗa ya dawo. A na biyar matata ta ce, "Abban yara, tun da ka ajiye abin nan gidan nan ba mai sakewa. Ka buga abinka. Amma biyu, kuma ni zan kira ka ƙarfe ɗaya da rabi, in na kira ka kashe. Daren Lahadi da daren Laraba kuwa hannun a wurina zai kwana." Haka aka yi. Takan sa shi a cikin kwabarta tare da kwanukan aurenta.

Duk da haka raina bai kwanta ba, don watan ibada ne, ga goman ƙarshe ta matso. Bayan tafsiri na keɓe da malamin masallacinmu na faɗa masa komai, har da makarar da na yi. Bai yi mini dariya ba. Ya tambaye ni ko akwai kuɗi a ciki, na ce babu. Ko yana hana ni sallah, na ce ya taɓa hana ni abin da ya kusa kai ta nauyi. Ya ce to na riga na ga iyakar da idona, rai yana da haƙƙi a kaina, amma haƙƙin mahaifi yana gaba, kuma in bar wa dararen goman ƙarshe rabonsu. Na san akwai waɗanda gem ya cinye musu rayuwa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da shi cikin jerin cututtuka a 2019, kuma na ga samari a unguwarmu da suka bar makaranta a kansa. Ba na musun wannan ko kaɗan, na leƙa bakin ramin da kaina.

Bayan sallah, wadda aka yi ranar 21 ga Afrilu, aiki ya lafa amma asibiti bai lafa ba. Wani yaron shagona ya sa mini PPSSPP a waya, manhajar da ake buga tsofaffin gem da ita, da tsohon PES a ciki, don zaman awa huɗun nan. Wata Litinin Baba yana kwance, bututu biyu sun fito daga wuyansa, jini yana zagayawa, na ɗauka barci yake. Na rage murya na fara bugawa. Sai na ji ya ce, "Kai, har yanzu wannan abin ne?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina da shekara talatin da huɗu amma sai da na kai hannu kunnena. Na fara ƙoƙarin sa wayar a aljihu, ya ce in bari. Ya yi shiru, can ya ce shekarar da ya yi asarar kaya har ya kusa barin kasuwa, ina goye a lokacin, kullum in an tashi ba ya iya wucewa gida kai tsaye. Sai ya tsaya gindin wata bishiya wurin 'yan dara ya yi wasa biyu ko uku, sannan ya iya shiga gida da fuskar da za a kalla. Ya ce mahaifinsa ya yi masa faɗa a kai, ya ce dara aikin marasa aikin yi ce. Ya bar ta ne da ya dawo daga Makka. Ban taɓa sanin Baba ya iya dara ba. A iya sanina mutum ne da bai san wasa ba.

Ranar Alhamis na zo da kwalin da ake naɗe shadda a jiki. Na zana masa gidaje talatin da allin ɗinki, biyar a shida, na ɗebo maɓallai daga shago, farare goma sha biyu, baƙaƙe goma sha biyu. Na ɗora a kan cinyarsa. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya ce, "Ɗauki farare." Ba a so ya yi motsi sosai, don haka da yatsa yake nuna gida ni in ajiye masa. Ya koya mini yadda ake jera uku a ci ɗaya, da yadda ake kafa tarkon da duk motsi sai ka ci. Ya cinye ni sau huɗu a jere, ko tausayi babu. A na huɗun har ya yi dariya, nas ta leƙo ta ce, "Baba, a hankali dai, kada bututun ya goce." Rabon da in ji dariyarsa tun kafin ƙafarsa ta kumbura.

Wata uku muka yi haka. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu komai ya ninka, kuɗin fili ya ƙare, muka koma wanki sau ɗaya a mako, jikinsa ya yi ta ja baya. Ranar da ba ya iya dara sai ya ce in buga nawa ya ji hayaniyar 'yan kallo. Bai taɓa gane wasan ba, tambayarsa ɗaya ce kullum: "Mu ne masu shuɗi?" In na ce mu ne, sai ya lumshe ido. Ya rasu a watan Agusta, da asubar wata Juma'a, kansa a kan cinyar Inna. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ban taɓa gaya masa dalilin makarata a ranar nan ba. Na yi niyya sau da yawa, bakina ya kasa. Ina roƙa masa gafara, ina roƙa wa kaina, kuma ina jin wannan zai bi ni har nawa lokacin.

PS2 ɗin tana shago har yanzu, a ƙarƙashin teburin yanka. Na rage karɓar ɗinkin sallah, in littafi ya cika sai in ce wa mutum ya yi haƙuri ko da zai ji haushi. In aiki ya taru, bayan yara sun tafi, nakan buga biyu in kashe, matata kuma ba ta fasa kiran ƙarfe ɗaya da rabi ba. Babban ɗana ya kai shekara tara, ran Asabar nakan ba shi hannun mai salatif, ya ɗauki Inter, ni in ɗauki su Castolo. Maɓallan nan ashirin da huɗu suna cikin gwangwanin madara a aljihun kekena, tare da kwalin, allin ya fara gogewa. Rannan yaron ya buɗe ya tambaye ni na wace riga ne. Na ce ya jawo kujera ya ɗauki farare.